Gawayi a Ɗakin Mai Turare

Duk wanda ya taɓa bi ta layin da ke bayan tashar mota ya san ƙofar ƙarfen nan mai shuɗin fenti, inda ake shiga da jarkokin baƙin mai a fito da wani mai garai-garai kamar shayin da ba a sa wa madara ba. 'Yar masana'anta ce, ko allon suna ba ta da shi. Tsohon man suya suke tarowa daga gidajen abinci, wanda aka yi ta suya da shi har ya gaji, su mayar da shi man dizal. Motocin haya na tashar da injinan niƙa na unguwa duk shi suke sha. In ka tambayi mai wurin, za a nuna maka Injiniya, wata siririyar mace mai tabarau da saurin magana. In kuwa ita ka tambaya wa ke riƙe da wurin, sai ta miƙa hannu can ƙuryar fili, inda wani dattijo yake tsugune gaban tanderu, ya kanne ido ɗaya yana leƙa wata 'yar ƙofa. Shi ake ce wa Baba Tanderu.

Tun yana saurayi burodi yake gasawa. Ya yi furfura a bakin wuta, har ranar da masu gidan burodin suka sayo tanderun lantarki suka ce masa an gode. Yana zaune a gida yana ƙirga rufin ɗaki sai ga Injiniya ta yi sallama, an faɗa mata akwai mutumin da ya san halin wuta.

Ta ce, "Baba, burodin da nake so ka gasa mini baƙi ne wuluk, kuma ba a cin sa."

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Shekara da shekaru ana zagina in na ƙona abu, yau ga mai nemana in ƙona. Yaushe za a fara, 'yata?"

Aikin ba shi da wuyar ganewa in an bi shi a hankali. Abin da ke juya tsohon mai ya zama dizal wani sinadari ne mai kaifi, su a wurin magani kawai suke ce masa. In aka zuba shi tsurarsa cikin tanki zai yi aikin, amma sai ya narke ya bi man, a sha wuyar wanke shi, gobe kuma a nemo wani. Don haka Injiniya take nema masa mazauni, mazaunin nan kuwa gawayi ne. Ba irin na mai guga ko mai shayi ba fa. Totuwar masara ake cika tanderu da ita, a toshe ko'ina kada iska ta shiga, ta ƙone ba tare da ta zama toka ba. In ta yi jajir sai a hura mata tururi, tururin ya huhhuda ta, ya bar mata ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, birjik a cikin kowace ƙwaya. A cikin ƙofofin nan magani yake shiga ya maƙale. Sai a zuba gawayin a tanki tare da mai da wani irin sifirit, man ya ratsa ƙofofin, ya gamu da magani, ya fito ya canja hali. A tace gawayin, a wanke, gobe ya koma bakin aikinsa.

Injiniya ta koya wa Baba karanta agogon zafi, shi kuma bai ji kunyar koyo da furfura ba. Yakan dubi allurar agogon, sannan ya leƙa launin wutar, ya ce su biyun abokan shawararsa ne. Abu ɗaya kowa ya shaida a kansa: ba ya wasa da wuta. In Injiniya ta ce a kai ta wuri kaza, nan zai kai ta, nan zai tsayar da ita, ko da abincinsa zai huce, ko da wa ya zo gaishe shi. Direban da ke taro musu mai, wani mai baki kamar rediyo, yakan ce in an ga Baba ya kauce wa ƙa'idar wuta to a tattara kaya, duniya ta zo ƙarshe.

To, gawayin nan mayunwaci ne. Kafin a ba shi magani ƙofofinsa a buɗe suke, duk abin da ya gifta kusa da shi sai ya haɗiye: danshi, hayaƙi, wari, ƙamshi, ba ya zaɓe. Kuma wanda ya fi kowa sanin haka a duniya shi ne Baba, don a gidansa ya koyi darasin, da kunnensa ya biya.

Matarsa turare take haɗawa. Mai Turare, haka unguwa take kiranta, gajeriyar mace mai dariya da ƙarfi, mai faɗa da ƙarfi, wadda in ta wuce ta layi sai an daɗe ana sanin ta wuce. Gidansu yana kan tudu a bayan masana'antar, ɗakuna biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Na saman nan da guminta ta gina shi, ta yi masa rufin siminti da ƙofa mai kamawa gam, don kwalabenta ba sa son zafi ba sa son iska. A farkon aikinsa, Baba ya ƙunso 'yan ƙwayoyin gawayi a hankici don ya nuna mata abin al'ajabi. Bai same ta ba, sai ya jefa ƙunshin cikin aljihun teburinta, ya manta. A aljihun nan take ajiye audugar da ta ɗiga wa turaruka, wadda take ba masu saye su shinshina. Bayan kwanaki wata mai saye ta zo, ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta ce ko dai mura ce ta kama ta, ko kuma Mai Turare ta fara sayar da ruwan famfo.

Kai, ranar unguwa ta ji murya!

"Malam! Ni ina tara ƙamshi, kai ashe ɓarawonsa kake kiwo! A rasa aikin da za ka samo sai na abokin gabana? Wallahi daga yau ko ƙwaya ɗaya ta ƙetare bakin ƙofar nan, ni da kai ne!"

Da hannunta ta buga ƙusa a bangon waje, kusa da ƙofa. Daga ranar, in Baba ya dawo aiki sai ya tsaya a kan matakala, ya zazzage aljihunsa, ya juya su waje, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusa, sannan ya yi sallama. Ita kuma daga ciki ta ce, "An bar ɓarawon a waje?" Ya ce, "Yana rataye, ranki ya daɗe." Kullum sai sun yi wannan, kullum kuma sai ta yi dariya kamar yau ta fara ji.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Allah ya jiƙanta. 'Yan'uwa suka raba tufafinta, ƙanwarta ta kwashe kwalabe. Aka bar gado da katifa, da labule, da kantocin katako da suka sha ɗigon turare shekara da shekaru. Aka kuma bar abin da ba mai iya ɗauka, wato ƙamshin ɗakin. Ba na kwalba ɗaya ba ne balle a je kasuwa a sayo. Na dukan abin da ta taɓa haɗawa ne, ya shiga katako, ya shiga bango, ya gauraya da nata na jiki. Autarsu, malamar makaranta ce da ke zaune da uban a ɗakin ƙasa, ta taɓa karɓo 'yan kwalabe daga wurin ƙanwar uwar tata, ta gwada haɗawa. Baba ya shinshina ya ce, "Da daɗi, Auta. Amma ba ita ba ce."

Sai ya zama kowace safiya kafin ya tafi aiki yakan hau sama, ya buɗe ƙofar kaɗan, iya yadda fuskarsa za ta shiga, ya ja numfashi, ya rufe da sauri kada ya zube. Bai taɓa ɓoye wa kowa ba. In an tambaye shi yakan ce, "Na je na gaida ta." Da yamma kuwa har yanzu a kan matakala yake zazzage aljihu, rigar aiki kuma a ƙusa take kwana. Abin da ya rage masa ke nan daga matar da ya so, yana kuma tattalinsa kamar ransa.

A daminar da ta biyo baya aka yi ruwan da har yau ake labarinsa. Ya yi kwanaki yana zuba, sannan wata rana da la'asar iska ta taso ta yaye rufin ɗakin ajiyar masana'anta kamar an cire wa mutum hula. Babbar kwatar bayan tasha ta cika ta tumbatsa, baƙin ruwa mai laka da shara ya fara shigowa fili. Tanderu ya mutu. A ɗakin ajiyar kuwa akwai sabon gawayi shimfiɗe a kan manyan farantan ƙarfe, bai daɗe da fitowa daga wuta ba, ba a ba shi magani ba tukuna. Shi ne na ƙarshe, don totuwar bara ta ƙare, wanda ke cikin tanki kuma ya tsufa, ƙofofinsa sun toshe. In ruwan kwata ya taɓa wannan, laka ta shiga ƙofofinsa, ya tashi aiki ke nan. Ba sabuwar totuwa sai kaka, ba dizal sai kaka, ma'aikata kowa ya kama gabansa.

Suka taru a ƙarƙashin ɗan rufin da ya saura, ruwa har ƙwauri. Wani ya ce a zuba a buhuna a ɗora a mota. Injiniya ta girgiza kai, ta ce sabon gawayi ba a tara shi wuri ɗaya, zafi yake yi daga ciki, yana iya kamawa da wuta. Dole a bar shi a shimfiɗe, a wuri mai faɗi, busasshe, mai ƙofar da za ta tare danshi. Motar ma ta nutse har rabin taya. Gidajen maƙwabta duk a kwari suke, kowa yana kwarfe ruwa daga ɗakinsa.

Sai Direba, da bakinsa ya saba riga hankalinsa fita, ya ce, "Ai akwai ɗakin sama a gidan Ba..." Ya kama bakinsa da hannu, amma magana ta riga ta fita.

Injiniya ta watsa masa wani kallo. "Rufe mana baki!" Ta juyo ga dattijon, muryarta ta yi ƙasa. "Baba, kada ka saurare shi. Ban tambaye ka ba, ba zan kuma tambaye ka ba. In ya tafi ya tafi, Allah ya kai mu kaka."

Baba ya dubi farantan, ya dubi ruwan da ke lasar ƙafar kantar da aka ɗora su a kai. Ya dubi mutanen da suke ci a wurin nan, wanda ke tace mai, wadda ke wanke gawayi, Direba mai 'ya'ya cike da gida. Babu wanda zai gaya masa abin da gawayi mai yunwa zai yi wa rufaffen ɗaki, shi da ya ga abin da cikin hankici ɗaya ya yi. Ya share ruwa daga fuskarsa, ya sunkuya ya kama gefen faranti.

"Ku rufa musu leda, ku ɗauko. Direba, kama can, tunda kai ka iya magana."

A gindin matakala suka tarar da Auta. Da ta ga abin da ke hannunsu sai ta tare hanya da jikinta.

"Baba, ina za ku kai wannan?"

"Sama."

"Umma ta hana fa! Baba, ka san abin da zai yi. Shi ke nan abin da ya rage mana!"

"Na sani, Auta. Na fi ki sani." Bai sauke farantin ba. "Da tana nan da ta zage ni tas, unguwa ta ji. In ta gama, ita za ta fara ɗaukar faranti. Ƙarya na yi?"

Auta ta fashe da kuka, ta kauce. Ta riga su hawa da gudu, ta fizge labulen ta sauko da shi ɗakinta, ko a tsira da wani abu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da rigar aiki a jikinsa, gawayi a hannunsa, ya yi sallama kamar yadda ya saba. Sannan ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri. Yau na shigo da ɓarawon."

Suka jera farantai a ƙasa, a kan gado, a kan kantoci, har ba wurin sa ƙafa. Aka ja ƙofa.

Ruwa bai ɗauke da wuri ba, da ya ɗauke kuma sai da aka jira tanderu ya bushe. Kowace safiya Baba yakan hau ya motsa gawayin, ya taɓa ya ji ko ya yi zafi, kuma kowace safiya hancinsa yana gaya masa gaskiya. Da farko ƙamshin ya yi sanyi. Daga baya sai ya matsa kusa da kantocin yake jin sa. Labulen da Auta ta ɓoye kuwa danshin ɗakin ƙasa ya kama shi, ya yi fumfuna, ba abin da yake yi sai warin ruwa. Wata safiya ya buɗe ƙofa ya ja numfashi, ya sake ja, ya manna hancinsa a katako, a katifa, a bango. Babu. Ɗaki kamar kowane ɗaki. Ya fito ya zauna a kan matakala ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ta, don sai a wannan safiyar yake jin ta tafi da gaske.

Gawayin dai ya tsira, ko ƙwaya ɗaya laka ba ta taɓa ba. Da aka mayar da shi masana'anta, Injiniya ta ce kafin a ba shi magani sai an sake gasa shi, wuta ta kori danshi da duk abin da ya sha, ƙofofi su buɗe. Ta ja Baba gefe, ta cire tabarau tana gogewa, ta kasa kallonsa.

"Baba, ka ɗauki faranti ɗaya ka ajiye a gida. Sauran za su ishe mu. Ai ƙamshinta yana ciki."

Ya ɗebo gawayin a tafin hannu ya miƙa mata. "Shinshina, 'yata."

Ta shinshina. Ba ta ji komai ba.

"Kin gani? Wannan in ya riƙe abu ba ya bayarwa da lallashi. In na ajiye shi, baƙin abu na ajiye. A zuba duka."

Da hantsi ya kunna wuta. Aka rufe tanderu, aka bar bututun da ke gefe don danshi ya fita. Ya tsuguna a wurinsa, ido ɗaya a kan agogo. Farin tururi ya fara fitowa, kamar kullum. Allura ta ɗan hau. Sai wadda ke wanke gawayi ta ajiye bokiti, ta ɗaga hanci. Mai tace mai ya fito daga rumfa. Direba, wanda ke tsakiyar ba da wani labari, ya yi shiru da baki a buɗe.

Ita ce. Wallahi ita ce, kamar ta shigo ta ƙofar ƙarfen nan da dariyarta! Ƙamshin ya cika fili, ya danne warin tsohon mai, ya haura katanga. Mata suka fara leƙowa daga gidaje, wata tsohuwa a layi tana cewa, "La ilaha, wa ya buɗe ɗakin Mai Turare?" Wani ya ruga ya kira Auta daga makaranta, ta zo da alli a hannu, ta tsaya a tsakiyar fili ta rufe ido, hawaye yana zuba.

Ƙa'idar aikin ita ce da tururi ya ragu a ƙara wuta. Tururi ya ragu. Baba ya miƙa hannu, kowa yana kallo, sai ya janye itace ɗaya daga murhu. Ya rage wutar. Mutumin da bai taɓa kauce wa allura ba tun da aka kafa wurin, yau ya riƙe wuta a ƙasa, yana lallaɓa ta kamar mai dafa madara, don abin ya fito a hankali. Injiniya ta ga agogon sarai. Ta juya masa baya, ta ce wa ma'aikata yau ba sauri ake yi ba. Shi kuwa ya tashi ya je ya tsaya a bakin bututun, ya buɗe hannuwansa, ɗumin yana dukan ƙirjinsa, leɓensa yana motsi. Ba wanda ya ji abin da yake faɗa, ba kuma wanda ya matsa kusa.

Bai bari ƙamshin ya ƙare da kansa ba. Da ya ji ya fara tsinkewa, sai ya koma ya tsuguna, ya mayar da itacen, ya ƙara wani, ya kai allura inda Injiniya ta ce, ya tsayar da ita a nan. Gawayin ya fito fes, ya sha magani, ya shiga tanki. Har kaka ta zo motocin tasha ba su rasa mai ba.

Da yammar ranar da aka sake gashin nan, Auta ta biyo shi gida, ta ga ya hau matakala. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya zazzage aljihunsa, ya juya su waje, ya kakkaɓe har sai da ya tabbata ba ƙwaya ko ɗaya. Ya tuɓe rigar, ya kai hannu ga ƙusa, sai ya tsaya. Ya kai rigar hancinsa. Tsayuwar da ya yi a bakin bututu ba ta tafi a banza ba, zaren rigar ya sha ƙamshin.

Bai rataye ta ba. Ya rungume ta a ƙirji, ya yi sallama, ya shiga da ita ɗakin, ya ja ƙofa.